Huda Huɗu a Jikin Tarihi

Jama'a, yau da hantsi an kama ni dumu-dumu. Ba a gidan wani ba, a ƙofar gidana da na shekara arba'in da takwas ina shiga ina fita. Ina durƙushe a kan matakala da injin huda siminti a hannuna, maƙwabcina Stan Wojcik yana tsaye a kaina riƙe da bututun ƙarfe yana cewa in matsa hagu kaɗan. Ban ma kai ga danna injin ba sai na ji numfashin kare a ƙeyata. Na ɗago kai, sai ga takalmi yana ƙyalli, sai ga wando ya sha guga, sai ga Mai Girma Sarkin Tarihi da kansa, wato shugaban kwamitin adana tsofaffin gine-gine na garinmu, ya fito zagayawa da karensa.

Ya ce, "Mista Gaudette, me nake gani haka?"

Na ce, "Barka da hantsi, ranka ya daɗe. Motsa jiki ne. Likita ya ce in riƙa durƙusawa."

Shi kuwa Stan, da ya yi shekara talatin yana gyaran famfo bai koyi ƙarya ko guda ba, sai ya mayar da bututun bayansa wai ya ɓoye. Bututu mai tsawon ƙafa shida. Rabinsa yana leƙowa ta saman hularsa.

Kafin ku ce tsoho ya fara ta'adi da tsufansa, ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Mako shida da suka wuce matata Yvette ta fita zubar da shara, ƙanƙara ta kwashe ta, ƙashin kwatangwalonta ya karye. Aka yi mata aiki, aka sa mata na ƙarfe, aka kai ta gidan jinya da ke tsallaken kogi tana koyon tafiya. Mai yi mata gashin ƙashi, wata baiwar Allah mai suna Marisol da ba ta san wasa a bakin aiki ba, ta zaunar da ni ta gindaya mini sharaɗi guda ɗaya tak. Ta ce ranar Juma'a da tsakar rana, wato yau, za ta kawo Yvette da kanta ta ga yadda za ta shiga gida. In ta tarar da ƙarfen dafawa a matakalar ƙofa, mai ƙwari wanda ba ya girgiza, to Yvette ta dawo gida ke nan. In ba ta tarar ba, motar da ta kawo ta ita za ta mayar da ita, sai kuma bayan wata guda a sake dubawa.

Na ce, "Ta ƙofar baya fa?" Marisol ta kalli hoton da na nuna mata a waya, taki tara na katako a miƙe kamar tsani, ta ce ko ni mai ƙafafu biyu lafiyayyu ya kamata a hana ni bi ta nan.

Matakalar gaba kuwa taki huɗu ce. Ƙarfen dafawa bututu ne guda mai ƙafa biyu, kowace ƙafa noti biyu. Huda huɗu ke nan. Stan ya ce aikin minti ashirin ne, har da shan kofi.

Ba zan ɓoye muku ba, gidan nan ya yi mini faɗi. Shekara arba'in da tara muna tare, ban taɓa sanin agogon falonmu yana da ƙara haka ba. Ita kuma, matar da in tana dafa miyar wake har ƙarshen layi ake jiyo ta tana faɗa da rediyo, sai in je in tarar da ita a kujera ta zuba wa taga ido, ta rame, magana ma sai an roƙa. Abin da take tambayata kullum shi ne ko na zuba wa tsuntsaye hatsi a bayan gida. Ganinta a haka ya fi tsorata ni a kan ranar da ta faɗi.

Matsalar ita ce gidanmu yana cikin unguwar tarihi. Ku da kuke sababbin unguwanni, kuke iya shafa wa ƙofarku jan fenti da safe ku mayar da ita koriya da yamma, ba ku san ni'imar da Allah Ya yi muku ba. Mu nan Layin Masaƙa, tun da aka ayyana mu a matsayin kayan tarihi shekara talatin da suka wuce, duk abin da mai wucewa zai iya hangowa daga titi ba naka ba ne kai kaɗai, naku ne kai da kwamiti. Kai ke share ƙanƙara, kai ke fama da rufi in ya yi yoyo, amma in ƙusa za ka kafa sai ka je ka yi gaisuwa.

Kada wani ya ce ina zagin kwamiti. Ni? Allah Ya kiyaye. Mutane ne masu ƙoƙari. Su ne suka tone mana lafiyayyen simintin gefen titi suka shimfiɗa jan bulo irin na zamanin kakanni, wanda yanzu duk lokacin sanyi yake tasowa sama yana kwashe ƙafar tsofaffi. Su ne suka kafa mana fitilun titi masu kama da na iskar gas, har aka ɗauko ƙwararre tun daga babban birni ya kwana uku a otal yana zaɓen ƙwan lantarkin da zai fi kama da wanda ba na lantarki ba. Hasken ba ya kaiwa ƙasa, amma a hoto, kai, sai wanda ya gani! Su ne kuma suka fitar mana da launin fenti goma sha ɗaya da aka yarda da su. Ni da na yi shekara talatin da huɗu ina raba wasiƙu ƙofa-ƙofa a garin nan, na rantse muku goma daga ciki launin ruwan wanke-wanke ne.

To, na ɗauki ƙafa na tafi ofishinsu kamar ɗan ƙasa nagari. Matar da ke kan tebur ta ce, "Babban gyara ne ko ƙarami?"

Na ce, "Huda huɗu ne."

Ta ce, "Ƙarami ne." Har na ji sanyi a raina. Sai ta miƙo mini fom mai shafi bakwai.

Na ce, "Ikon Allah! To na babban gyara fa, shafi nawa ne?"

Ta ce shi ma wannan ɗin ne, ɗaya akwatin kawai ake yi wa alama.

Suna son hoton gida ta fuska uku. Suna son zanen ƙarfen da awonsa. Suna son guntun ƙarfen kansa su taɓa su ji. Sannan suna son tsohon hoto da zai nuna ko gidan ya taɓa samun ƙarfen dafawa a da. Na ce tsohon hoton da nake da shi na ranar baftismar ɗiyarmu Claire ne, kuma surukata, Allah Ya ji ƙanta, ta tare matakalar gaba ɗaya. Na ce mata matata ce fa ke kwance tana jira. Ta ce ayya, Allah Ya ƙara sauƙi, kwamiti yana zama Talata ta biyu a kowane wata, ƙarfe huɗu na yamma.

Talatar nan da ta wuce ni da Stan muka sa rigunanmu na zuwa coci muka tafi. Zauren taron yana saman bene, a ginin da ya fi kowane gini tsufa a garin, kuma tun daga bakin ƙofa har sama ƙarfen dafawa ne sabo fil yana walƙiya hagu da dama. Stan ya shafa shi ya ce, "Wannan kuma wane kakan ne ya bar musu gado?" Na ce ya rufa mini asiri ya yi shiru.

Kafin mu akwai wani bawan Allah da laifinsa shi ne ya canja mariƙin ƙofa. Minti arba'in aka yi a kansa. Wata mamba da nake kira Magajiyar Fenti, wadda gidanta ke kallon nawa kuma labulenta ba ya hutawa, ta ɗaga mariƙin sama ta juya shi ta ce zagayensa ya yi zamani da yawa. Mutumin ya fita yana share gumi, a tsakiyar sanyin watan Fabrairu.

Sai aka kira ni. Mai Girma Sarkin Tarihi ya gyara tabarau. Shi dai shekara takwas da suka wuce ya yi ritaya ya baro babban birni ya dawo cikinmu, kuma yana ƙaunar garin nan fiye da mu da aka haifa a cikinsa. Ya sa aka haska hoton matakalata a bango, ƙatuwa, ya miƙe tsaye da sanda a hannu.

Ya ce, "Abokan aiki, ku dubi wannan da kyau. Wannan aikin maginan masaƙa ne na shekara ɗari da suka wuce, lokacin da ake kwaɓa siminti da hannu. Ku dubi tsakuwar, ta kogin nan namu ce, ba ta kamfani ba. Ku dubi yadda ta ɗan karkata dama. Hikima ce, don ruwan sama ya gangara. Ku dubi wannan da'irar a gefen taki na biyu. Tambarin magini ne, kuma na bincika littattafai ban sami irinsa ba. Sannan ku dubi kwarin nan da ke tsakiyar kowane taki. Takalman ma'aikatan masaƙa ne suka ci shi, zuri'a bayan zuri'a. Duk wanda ya yi aikin nan gwani ne, abin takaicin kawai shi ne ba mu san sunansa ba."

Jama'a, ni na san sunansa. Sunansa Roland Gaudette, kuma yana zaune a layin gaba sanye da rigar coci.

Ni na zuba matakalar nan da hannuna, shekara arba'in da shida da suka wuce, bayan ta katakon da muka tarar ta ruɓe har ƙafata ta zurma. A baron Stan ma na kwaɓa simintin. Ranar da ta bushe Yvette ta fito ta kalle ta sau ɗaya ta ce, "A karkace take." Tun daga ranar babu baƙon da zai zo gidanmu ba ta ce masa ya yi hattara da aikin Roland ba.

Stan ya zungure ni da gwiwar hannu. Ya sake zungura ta. Ya raɗa mini, "Kai, yi magana mana!"

Ina iya ce muku tsoro ne ya rufe mini baki, kada su ce na yi gini babu izini su sa a rushe. Abin da na faɗa wa Stan ke nan a mota. Ƙarya ce. Daɗi na ji. Shekara arba'in da shida babu mahaluƙin da ya taɓa faɗin kalma mai kyau a kan matakalar nan, yau ga mai digiri uku a gaban jama'a yana kira na gwani. Kaina ya kumbura, har na tsinci kaina ina gyaɗa kai ina cewa, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, mutanen da sun san aiki."

Shi ke nan na ɗaure kaina da kaina. Aka ce abu mai daraja irin wannan ba a huda shi. Magajiyar Fenti ta kawo shawara a kafa ƙarfen a ƙasa, gefen matakala. Stan ya ɗaga hannu ya ce ƙasa ta daskare ƙafa uku sai watan Afrilu, ga kuma jan bulonsu a wurin, shi ma tarihi. Aka ce lallai wannan magana ce mai muhimmanci, a ɗage ta zuwa wata mai zuwa, a kafa ƙaramin kwamiti ya zo ya gani da ido. Na miƙe na ce matata fa, ranar Juma'a ne. Mai Girma ya ce yana tausaya mini ƙwarai da gaske, amma abin da ya shekara ɗari ba a yi masa gaggawa. Aka buga guduma, aka koma kan kwandon shara na wani gida.

Washegari na haye kogi na je wurin Yvette. Na ce mata sun ɗage, ban ce mata don me ba. Na zaci za ta tashi da faɗa, wallahi fatan da nake yi ke nan. Sai ta kalli taga ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita, kunya da takaici suka cika ni, domin na san ba kwamiti kaɗai ya yi mata wannan ba.

Daga nan na wuce gidan Stan na ce ya yanka bututu. Jiya ya wuni yana walda a garejinsa. Yau kuma muka laɓe muna jiran Magajiyar Fenti ta fita cefane, ba ta fita ba sai wajen sha ɗaya. Mun yi lissafin labule, mun manta da kare.

To kun ji yadda aka yi Mai Girma ya same ni a durƙushe. Bai ɗaga murya ba, mutum ne mai tarbiyya. Ya ciro waya ya kira ofis ya ce a kawo jar takardar dakatar da aiki. Aka ce masa mai kawowa ta fita cin abinci. Sai ya naɗe igiyar karensa, ya share taki na biyu da hankici, ya zauna daidai inda za mu huda.

Stan ya ce, "Yallaɓai, simintin nan akwai sanyi fa."

Ya ce, "Ya jure shekara ɗari, ni ma zan jure awa guda."

Me za ka yi da baƙo a ƙofarka? Na shiga na dafa masa kofi. Stan ya biyo ni kicin yana huci, ya ce, "Mutumina, ko ka faɗa masa ko ni in faɗa." Na ce ya ba ni minti biyar in shirya maganar. Ina nan ina shirya ta har sha biyu ta buga.

Mota ta tsaya. Marisol ta fito, ta kalli matakala, ta kalli bututu kwance a kan ƙanƙara, ta kalle ni.

Ta ce, "Mista Gaudette, ban ga ƙarfe ba."

Na ce, "Ga shi nan a ƙasa."

Ta ce, "A ƙasa ba ya riƙe kowa. Ka yi haƙuri, na faɗa maka tun farko."

Na leƙa cikin motar. Yvette ta sa shuɗiyar rigarta ta sanyi, ta gyara gashi, ta rungume jakar kayanta a cinya, har da 'yar tukunyar furen da Claire ta kai mata. Ta tattaro komai, ba ta bar ko tsinke a can ba. Duk da na ce mata sun ɗage, ashe ta sa rai zan san yadda na yi.

Ta sauke gilashi ta ce, "Roland, wane ne wannan ya baje a ƙofata?"

Mai Girma ya miƙe, ya cire hula, ya ƙaraso bakin mota ya gabatar da kansa. Ya ce yana baƙin cikin halin da take ciki, amma yana so ta san irin taskar da take da ita a ƙofar gida. Ya fara daga tsakuwar kogi, ya bi ta hikimar karkata, ya zo kan tambarin magini, bai rage ko harafi ba. Yvette tana saurare, tana kallonsa, sai ta juyo a hankali ta kalle ni. Ni kuwa na ga ya dace in kalli kare.

Ta ce, "Gwani?"

Ya ce, "Gwani na gaske, Madam."

Jama'a, sai ta fashe da dariya. Irin dariyar da na yi mako shida ban ji ba, wadda take sa tattabaru su tashi daga rufi. Ta riƙe kwatangwalo tana cewa wayyo, Marisol tana cewa ta yi a hankali.

Da ta samu numfashi ta ce, "Bawan Allah, ga gwaninka nan tsaye yana kallon kare. Shekarar da nake da cikin Claire ya zuba ta. Tsakuwar kogi ce, gaskiyarka, domin rowa ta hana shi sayen ta kamfani, shi da wannan mai ɓoye bututun suka kwaso ta ranar Lahadi bayan an tashi coci. Karkatar kuma, na ce masa ya ari ma'auni, ya ce idonsa ya fi ma'auni. Tambarin maginin naka gindin kwalbar lemo ne, ya ajiye a kan ɗanyen siminti ya tafi amsa waya."

Stan ya ce, "Ba lemo ba ne, Yvette."

Ta ce, "Rufa masa asiri nake yi, Stan." Sai ta nuna tsakiyar matakalar. Dariyar ta ɗan lafa. "Kwarin nan kuwa babu wani ma'aikacin masaƙa da ya taka shi. Yashi ya yi masa yawa, siminti ya yi kaɗan, shi ya sa yake ci. Ƙafata ce. Cefane, goyo, kwandon wanki, shekara arba'in da shida. In shi kake karewa, to ga mai shi nan a mota, tana so ta shiga ɗakinta."

Mai Girma ya juyo gare ni, kunnuwansa sun yi ja, kuma ba sanyi ba ne. Ya ce, "Mista Gaudette, haka ne?"

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kuma kana zaune ranar Talata ka bar ni ina..."

Na ce, "Ka iya bayani ne, ban so in katse ka ba."

Na ɗauka zai fashe. Sai ya zura hannu a aljihun kwat ya ciro ɗan littafin dokokinsu, wanda ashe ko zagayawa da kare ba ya rabuwa da shi. Ya buɗa, ya buɗa, ya tsaya a wani shafi. Ya karanta da murya irin ta mai karanta sakamakon asibiti. Wai duk abin da bai kai shekara hamsin ba, kuma ba shi da wata daraja, ba ya buƙatar zaman kwamiti. Shugaba shi kaɗai yana iya sa hannu nan take. Sharaɗin kawai shi ne mai gida ya rubuta da hannunsa cewa abin ba shi da darajar tarihi, kuma babu wata gwaninta a aikinsa.

Kun ji fa. Mako uku ina cika fom, ina ɗaukar hoto ta fuska uku, ina yawo da guntun ƙarfe a aljihu, ashe abin da hukuma take jira kawai shi ne in yarda aikina banza ne. Abin da matata take faɗa kyauta tun kafin a haifi kwamitin.

Marisol ta miƙo biro, ta yago takarda daga littafinta. Na kifa a kan bonet ɗin mota na rubuta: ni Roland Gaudette, na shaida matakalar nan ba ta da darajar tarihi, kuma babu gwaninta a cikinta. Yvette ta leƙo ta ce in ƙara cewa a karkace take. Mai Girma ya ce doka ba ta buƙaci wannan ba. Ya sa hannu a ƙasa, da sharaɗin a shafa wa bututun baƙin fenti mai lamba huɗu da zarar sanyi ya wuce.

Stan ya karɓe injin daga hannuna ya ce in matsa, gwanintata ta isa haka. Siminti mai yashi ba ya gardama, amma ya ce notin ya kama da kyau tunda ya zurfafa. Kuma don in yi adalci, tunda ni ba mai zagin kwamiti ba ne: da Stan ya nemi mai riƙe masa bututu, Mai Girma ne ya ba ni igiyar kare ya riƙe da hannunsa, da wandonsa mai guga. Minti goma sha takwas aka yi. Marisol ta zo ta kama ƙarfen ta girgiza shi kamar mai fushi da shi, ta rataya nauyinta a kai, ta ce, "Ya yi."

Muka fito da Yvette. Ta kama ƙarfen da hannun dama, Marisol tana bayanta, ni ina gefe hannuna a shirye ba ta ko kalle shi ba. Taki na farko. Ta huta. Na biyu, ta wuce tambarin magini. A na uku ta tsaya, ta zura ƙafarta cikin kwarin nan, ƙafar ta zauna daram kamar a silifas ɗinta. Ta daɗe a tsaye a wurin. Ni dai na juya ina gyaran hula, domin iska ta shigar mini ido.

Da muka shiga, ta zauna a kujerarta ta kicin, ta ƙirga gwangwanayen miya da na tara a bakin famfo, ta yi mini faɗa na minti goma cur. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba. Da ta gama sai ta ce, "Yanzu faɗa mini tsakaninka da Allah. Me ya hana ka buɗe baki ranar Talata?"

Na ce, "Babu wanda ya taɓa yabon matakalar nan, Yvette."

Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Kai tsohon sakarai. Shekara arba'in da shida ina hawanta kullum in dawo wurinka. Wane yabo kuma kake nema?"

Takardar shaidar rashin gwanintata tana manne a ƙofar firij yanzu haka, ita ta ce a sa ta a nan don baƙi su gani. Ni ban damu ba. Na ƙirga da yatsuna, saura shekara huɗu matakalar ta cika hamsin. Daga ranar ta koma tarihi na gaske, da karkatarta da gindin kwalbarta, kuma duk wanda yake so ya daidaita ta sai ya cika shafi bakwai, ko da kuwa Yvette ce.